Gidan Tarihin Jos: Ina Labarin Leburan Kuza?

Duk wanda ya tashi a Jos, da wuya a ce bai taɓa zuwa gidan tarihin da ke kusa da gidan zu ba, ko da ran Sallah ne. Sai dai yawancinmu kallo muke yi mu wuce, ba ma tambayar labarin wa ake ba mu.

An buɗe gidan a 1952, ƙarƙashin Bature Bernard Fagg. Kuza ce ta haife shi. Tun 1928 masu haƙa suke tono kawunan yumɓu a yankin Nok, har Fagg ya gane cewa aikin mutanen da ne, na fiye da shekara 2,000. Daga baya aka ƙara zauren tukwane, da kan jirgin ƙasa na tsohon dogon Zariya zuwa Jos wanda aka rufe a 1957, da filin gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya tsara. A can ne za ka ga kwaikwayon ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, da ɗaurin gugansa. Gaskiya an yi aiki, ba mai musu.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Mai ziyara zai fito da sunan Fagg da na Dmochowski a bakinsa. Leburan da ya tsinci kan yumɓun a cikin taɓo fa? Bahaushe ya fito a gidan nan a matsayin magini na Kano da Zazzau, mutumin nesa. Kakanninmu da suka ɗauki ƙasa da kwano a ka a Rayfield da Bukuru, da waɗanda aka kwaso daga lardunan Arewa a ɗiban gwamna tsakanin 1942 da 1944, sanyin dutse ya kashe da dama, su ma tarihi ne. Haka manoman Birom da aka mayar da gonakinsu kududdufai. Tafkin da ake yawon kwalekwale a kansa a Rayfield ramin kuza ne. Yara nawa suka sani?

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da aka sha zubar da jini kan wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Ɗaki ɗaya da zai nuna yadda wahalar kuza ta haɗa Bahaushe da Birom zai fi taron sulhu goma amfani.

Mu ma da namu laifin. Ginin ƙasa in ba yaɓe, damina ce ke cinye shi, haka tarihi. Tsofaffin da suka ga zamanin kamfani suna ƙarewa. Matasa, kuna da waya a hannu: ku zauna gaban Baba ko Kaka ku naɗi muryarsu, ku nemo tsofaffin hotuna da takardun aiki, sannan mu kai wa hukumar gidan mu ce ga namu, a ba shi wuri.