Biyayya da Kangara a Gajerun Labaran Hausa

Duk wanda ya yi tadabburi cikin gajerun labaranmu, tun daga tatsuniyoyin da kakanni ke yi wa jikoki bayan isha'i a Taloka da Goronyo da sauran garuruwan bakin gulbin Rima, har zuwa waɗanda aka buga a takarda, zai riski wani abin al'ajabi, watau mai labari yana wa'azin biyayya da bakinsa, alhali zuciyarsa tana wajen kangararre. Dalili kuwa zahiri ne: ɗan da aka ce ya zauna ya zauna, babu abin da zai same shi balle a ba da labarinsa.

Dubi budurwar nan da ta kori manema, ta rantse ba ta auren kowa sai wanda babu tabo a jikinsa, har dodo ya rikiɗa ya zo mata da siffar saurayi sumul, ta bi shi daji iyaye suna kuka. A ƙarshe takan dawo da nadama, amma tubar ba ta wuce numfashi guda, taurin kan kuwa shi ya cinye daren. Irin waɗannan suna nan jibge cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da Frank Edgar ya fitar tsakanin 1911 da 1913, wanda da yawan abin da ke ciki Razdan Burdon ne ya tattaro daga malaman Sakkwato.

A ganina babu wanda ya fahimci wannan sirri kamar Abubakar Imam. A littafi na farko na Magana Jari Ce, 1937, Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla makirci, yaron kuwa kullum dare sai ya yi shirin bin sawun masu yaƙin, kullum kuma aku ya tsare shi da hikaya har alfijir ya keto. Ba a daki Musa ba, ba a la'ance shi ba. An saye biyayyarsa ne da daɗin magana, dare bayan dare, kuma da ya kasance mai haƙuri tun farko, da aku bai sami dalilin buɗe baki ba, da mu ma mun yi hasarar littafin.

Marubutan Kano na bayan 1980 suka juya tuhumar, laifi ya koma kan iyaye masu auren dole. Cikin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, 1990, ko da yake shi dogon labari ne, an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Sai dai irin waɗannan 'yan mata ba safai suke jayayya da addini ba. Hujjarsu takan fito ne daga abin da malamai suka karantar a zaure, cewa neman ilmi farilla ne, kuma ana neman izinin budurwa kafin a ɗaura mata aure.