Canjin Fuska a Chengdu: Abin da Baƙo Yake Gani da Abin da Ake Tsallakewa

Kusan duk kamfanin yawon buɗe ido da ke kai baƙi birnin Chengdu na lardin Sichuan a ƙasar Sin tsari ɗaya yake bi: da safe a je cibiyar kiwon panda, da daddare a zauna a gidan shan shayi a kalli wasan gargajiya. Safiyar tana da hujja, domin da sanyin safe ne panda ke cin gorarsa, rana na ɗagawa sai ya bingire da barci. Cibiyar ta fara ne a 1987 da panda shida da aka ceto. A 2016 kuma ƙungiyar IUCN ta sauke dabbar daga jerin masu fuskantar ƙarewa zuwa na masu rauni, bayan ƙidayar da ta nuna guda 1,864 a dawa.

Daren ne abin dubawa. Wasan Sichuan, wanda mutanen wurin ke kira Chuanju, ya haɗu ne a zamanin daular Qing daga salon waƙa biyar. Mafi ƙarfinsu shi ne gaoqiang: babu goge ko molo, sai ganguna da ƙarafa, jarumi ya ɗaga murya, 'yan amshi daga gefe su karɓa. Wanda ya saba da makaɗan Hausa zai gane wannan nan take, sai dai amshin can yakan faɗi abin da ke zuciyar jarumi, wani lokaci ma ya yi masa ba'a. Ga kuma barkwanci da karin harshen Sichuan, wanda ko ɗan Beijing yakan rasa rabinsa.

Baƙo ba ya samun wannan. Abin da ake ba shi shi ne fesa wuta da baki, wasan inuwa, sai bianlian, wato canjin fuska: ɗan wasa ya jera siraran fuskoki na siliki a kan tasa, ya kaɗa hannun riga ko mafici, zare ya fizge ɗaya, ja ta koma kore kafin ƙiftawar ido. Gwaninta ce, babu musu. Amma asalinta a cikin labari take. Fuskar kan sauya ne don tsoro ya zama fushi, ko don wanda ake nema ya ɓace wa masu binsa. An cire labarin, an bar dabarar tana tafiya ita kaɗai, sau da yawa da kiɗan na'ura.

Ban ga laifin 'yan wasan ba. Kuɗin tikitin baƙi ne ke riƙe da yawancinsu, kuma fim ɗin The King of Masks na 1996 ya ƙara wa dabarar kasuwa. Sai dai tun 2006 da gwamnati ta sa Chuanju cikin kayan gadon ƙasa, masu zama su saurari cikakken wasa na sa'o'i biyu ko uku galibi tsofaffin garin ne, da rana, a zaurukan da motocin 'yan yawon buɗe ido ba sa tsayawa.