Sojan Shuɗi da Matattun Abokansa: Shekara Arba'in na Rogue Trooper

Wani mai karatunmu da ke sayar da tsofaffin littattafai a bakin tasha ne ya kawo mana ɗaurin mujallun zane na Ingila, ya ce mu duba ko akwai abin faɗa a cikinsu. Akwai kuwa. Sunan mujallar 2000 AD, an fara buga ta mako-mako a 1977. Labarin da ya riƙe mu a ciki shi ne Rogue Trooper, wanda Gerry Finley-Day ya rubuta, Dave Gibbons ya zana, ya fara fitowa a 1981 a fitowa ta 228.

Ga yadda abin yake. A wata duniya da ake kira Nu-Earth, ɓangarori biyu, Norts da Southers, sun daɗe suna yaƙi da makamai masu guba har iska ta lalace. Duk wanda ya shaƙe ta ba rigar kariya, gawa ne. Sai Southers suka ƙera sojoji a ɗakin gwaji, masu shuɗiyar fata, waɗanda guba ba ta yi musu komai. Ranar da aka fara sauke su a fagen daga, a wani wuri mai suna Quartz Zone, ashe abokan gaba na nan suna jiransu. Wani janar daga cikin manyansu ya sayar da su. Aka karkashe su, saura mutum ɗaya, Rogue.

Dabarar da ta sa labarin ya yi suna tana nan. Kowane ɗaya daga cikin sojojin nan yana da wani ɗan kati a cikin kansa, kamar memorin waya, mai ɗauke da tunaninsa da halinsa. In ya mutu aka yi maza aka ciro katin, muryarsa ba ta tafi ba. Rogue ya ciro na abokansa uku: Gunnar ya sa shi a bindiga, Helm a hular kwano, Bagman a jakar baya. Haka yake yawo shi kaɗai cikin hayaƙin guba, matattu uku na yi masa surutu, suna gardama, suna tsokanar juna. Gunnar ba ya son komai sai harbi. Da farko abin dariya yake ba mutum, sai daga baya ya yi nauyi. Duk wanda ya taɓa zama da tsohon soja, kuma muna da su a unguwar nan, ya san yadda suke ambaton abokan da suka rasa kamar jiya suka rabu. Finley-Day ya ɗauki wannan ya mai da shi kayan da soja ke ratayawa a jiki. Ga shi kuma manyan nasa sun ɗauki Rogue a matsayin wanda ya gudu daga aiki, alhali maci amanarsu yake nema.

Gibbons bai daɗe yana zanen ba, shi ne ma daga baya ya zana Watchmen. Colin Wilson da Brett Ewins da Cam Kennedy suka karɓa. A ganinmu na Kennedy ya fi: tankokinsa da rigunan kariyarsa duk sun tsufa, sun yi datti, kamar kayan da aka sha wahala da su.

To, sai aka yi abin da muke ganin kuskure ne. A 1984 aka rufe babin farautar janar ɗin. Daga nan labari ya rasa alƙibla. Aka tura Rogue wata duniya, Horst, neman maganin da zai dawo da abokansa cikin jiki. Daga baya ma aka mai da shi ɗan kisan haya na wasu halittu. Mutumin da ciwon zuciya ke tafiyar da shi ya koma ɗan aike. A 1989 Gibbons ya dawo, wannan karon a marubuci, Will Simpson na zane da launi, suka sake labarin daga tushe da sabon soja mai suna Friday, ba katin da ke magana. Aikin ya yi kyau, ya fi na farko ɗaci. Amma waɗanda suka gaje shi ba su jima ba suka dawo da katunan, suka kuma yi ta ƙoƙarin haɗa Friday da Rogue na asali har zaren ya cukurkuɗe. Sai a 2002, bayan kamfanin Rebellion ya sayi mujallar, Gordon Rennie ya koma da labarin zamanin farauta, abin ya ɗan miƙe. Wasan kwamfutarsa ya fito a 2006.

Akwai abin da ya fi wannan ci mana rai. Sunayen ɓangarorin biyu daga arewa da kudu aka samo su. A labaran farko, 'yan Nort ba su da fuska. Kullum suna cikin takunkumin gas, suna ihu da wani yaren ƙirƙira mai kama da Jamusanci, aikinsu kawai su fito a harbe su. Turawan da suka rubuta ba Najeriya suke nufi ba, yaƙe-yaƙensu na Turai da Amurka ne a ransu, wannan mun sani. Amma mu da muke 'yan arewa mazauna kudu, wasunmu nan aka haife su, nan aka haifi iyayensu, mun san yadda ake ji in aka tattara mutane dubbai aka ba su suna ɗaya da hali ɗaya. Wallahi muna karantawa muna jin wani iri. Gaskiya ne labarin bai wanke Southers ba, tunda maci amanar nasu ne, manyansu kuma ba su ɗauki sojan shuɗi a bakin komai ba face kayan aiki. Duk da haka, ɓangare guda ne kawai aka bari mu ga idonsa.

Sai a 2014 aka biya wannan bashi. Rennie da mai zane Simon Coleby suka fito da Jaegir, labarin wata jami'ar Nort mai suna Atalia Jaegir, wadda aikinta binciken laifukan yaƙi ne a cikin rundunar ƙasarta. A nan ne mai karatu ya fara shiga gidajensu, ya ga suna da iyaye, suna da tsoro, akwai masu jin kunyar abin da ake yi da sunansu. Shekara 33 aka ɗauka kafin a cire musu takunkumi. A 2023 kuma Garth Ennis ya rubuta Blighty Valley, inda Rogue ya tsinci kansa tare da sojojin Ingila na Yaƙin Duniya na Farko.

Wanda zai saya wa yaronsa, shawararmu ya fara da labaran 1981 zuwa 1984, ya tsallake na tsakiya ba asarar komai. Jaegir kuwa akwai zubar da jini da yawa a ciki, sai matashin da ya mallaki hankalinsa. Duk da Turanci suke, wannan ma ya kamata a sani kafin a fitar da kuɗi.