Kariya da Aguwa Sun Cancanci Shiga Lambun Ado

A shekarar 2018, da fari ya matsa wa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 na ruwa a rana. A jihar Nevada ta Amurka kuma, wata dokar 2021 ta hana shayar da ciyawar ado da ruwan kogin Colorado bayan ƙarshen 2026. Irin wannan matsin ne ya sa masu tsara lambu suka karkata ga tsirrai masu kauri, waɗanda ke ajiye ruwa a ganye da jiki. Da yawansu sai dare ya yi suke buɗe ƙofofin numfashinsu, shi ya sa rana ba ta tsotse su.

Ina goyon bayan wannan yayi ƙwarai. Raina yana ɓaci idan na ga ana tayar da janareta a watan Afrilu don a jiƙa ciyawa da ruwan burtsatse, alhali a bayan katangar gidan 'yan garuwa na tura kura.

Sai dai idan za mu bi yayin, mu fara da namu. Kariya takan kakkaɓe ganyenta da rani, ta tsaya da gindinta mai kumburi, sannan ta fitar da furanni jaja-jaja a lokacin da ko'ina ya yi ƙura. Aguwa kuwa manoma sun daɗe suna shinge da ita: a sari reshe, a kafa a ƙasa, ya kama. Ga moda mai dogayen ganye da ke jure inuwa, ga kabar giwa da tinya. Abin da ya rage shi ne ido mai tsari: kariya ɗaya babba a tsakiya, moda a jikin bango, a bar fili tsakaninsu don siffar kowacce ta fito. Kwaso baƙon tsiro kuwa yana da hatsari. Wani kaktus mai ƙaya ya mamaye makiyaya a yankin Laikipia na Kenya, har yana raunata dabbobi.

Wanda ya kwafi hoton lambun Amurka daga intanet zai sha mamaki a watan Agusta. Damina ce ke kashe waɗannan tsirrai a wajenmu, domin da zarar ruwa ya kwanta a gindinsu saiwar ta ruɓe. Don haka a tayar da kunya mai tudu, a gauraya ƙasar da yashi mai tsakuwa, a nisanta su daga bakin indararo. Kada kuma a sare bishiya a malale tsakar gida da tsakuwa zalla, gidan zai koma tanda.

A kula da yara. Ruwan jikin kariya guba ne, nonon tinya kuma yana ƙona fata, yana illata ido, saboda haka a dasa su nesa da inda yara ke wasa.