Doguwar Suma Ba Makunnin Fitila Ba Ce

Duk mai karanta littattafan Hausa a waya ya san wannan fitowar. Jarumi ya yi haɗari, likita ya fito yana share gumi ya ce ya shiga doguwar suma, sai dai addu'a. Marubuci ya ajiye shi a asibiti wata shida, ya samu sararin aurar da budurwarsa ko wawushe dukiyarsa. Ranar da labari ke buƙatarsa, sai yatsa ya motsa, ido ya buɗe, ya kira sunan masoyiya. Bayan shafi biyu yana tuƙa mota. Finafinanmu ma haka suke yi.

Ba mu kaɗai ke da wannan ɗabi'ar ba. A 2005 mujallar likitoci ta BMJ ta bi diddigin wasannin talabijin masu dogon zango na Amurka, ta samu taurari 64 da labari ya jefa su doguwar suma. Guda 57 sun warke sarai kamar ba a yi ba.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun saba da abin da ke da fuska biyu kawai, ko a kunne ko a kashe. Haka marubutanmu suka ɗauki ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Likitoci kuwa tun 1974 suna amfani da ma'aunin Glasgow, mai maki daga 3 zuwa 15, suna duba buɗe ido da magana da motsi. Ainihin doguwar suma, wadda ido ke rufe ruf, ba ta cika wuce mako biyu zuwa huɗu ba. Daga nan wani ya rasu, wani ya farfaɗo a hankali, wani kuma ya buɗe ido, yana barci yana farkawa, amma babu alamar ya san wanda ke kansa. Akwai mataki na gaba, inda zai bi fuskar mahaifiyarsa da ido yau, gobe ya ƙi bi.

A kan waɗannan majinyata ake gwada magani. A 2012 Joseph Giacino da John Whyte da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 184 a cibiyoyi 11 na Amurka da Jamus da Denmak, dukkansu mako 4 zuwa 16 bayan mummunar buguwar kai. Aka raba su gida biyu da ƙuri'a. Gida ɗaya aka ba su amantadin, tsohon maganin mura da ake ba masu cutar karkarwa ta Parkinson, ɗaya gidan aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Dangi da masu aunawa ba su san wa aka ba me ba. A mako huɗun da aka yi ana ba da maganin, masu shan amantadin sun fi saurin samun sauƙi. Da aka janye shi sai saurin ya ragu, zuwa mako na shida gidajen biyu sun kusa zama ɗaya. Nasarar da ake ƙirgawa kuwa ita ce majinyaci ya bi umarni, ya amsa e ko a'a, ya gane amfanin cokali.

Akwai labarin da ya fi kama da na littattafanmu. A 1999 a Afirka ta Kudu an ba wani matashi da ya yi shekaru bai san kowa ba ƙwayar barci ta zolpidem don ya samu natsuwa, sai ya yi magana. Bayan sa'o'i kaɗan ƙwayar ta sake shi, ya koma yadda yake. Da Whyte ya gwada ta a kan mutum 84, sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna huɗu kacal suka amsa. A sana'armu, gyaran da ya yi aiki sau ɗaya a waya ɗaya ba gyara ba ne tukuna, sai an jarraba shi a wayoyi da yawa.

Wani zai ce ai ƙagaggen labari ne, me ya yi zafi? Amsar tana ƙasar Batsari da Safana. Babur shi ne motarmu, hular kwano ba ta dame mu ba, ga hare-haren da suka addabi ƙauyukan bakin Dajin Rugu. Wanda ya bugu a kai, daga babban asibitin Batsari sai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wani ma a wuce da shi Kano ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Sakkwato. Kafin nan an sayar da hatsi da awaki. Dangin da ke zaune a barandar asibiti ba su karanta mujallar likitoci ba, abin da suka sani game da doguwar suma daga fim da littafi suka same shi. Idan ɗansu ya buɗe ido bai gane su ba, sai su ce sammu ne ko iska, su ɗauke shi a lokacin da ya fi buƙatar kulawa. Wasu su ji labarin ƙwayar da ke tayar da masu suma su nufi kemis, alhali ƙwayar barci ga wanda ba ya iya haɗiye yawunsa haɗari ce babba.

Abin takaicin shi ne, marubutanmu suna tsallake inda labarin yake. Wanda ke cikin suma ba ya iya cewa na yarda a gwada mini magani. To, wa zai sa hannu? Matarsa, ko yayansa mai biyan kuɗin asibiti, ko mahaifin da bai iya karanta takardar ba? Mu a Arewa mun san nauyin wannan tambayar. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Har yau akwai gidajen da kalmar gwaji kaɗai ke sa su rufe ƙofa. Marubucin da ya haɗa wannan tsoron da begen uwa a ɗaki ɗaya ya samu littafi guda.

Ba cewa muke a hana jarumi farfaɗowa ba, Allah mai iko ne, kuma mutane suna farfaɗowa. Roƙonmu a nuna hanyar. A nuna mana mai jinyar da ke juya shi duk bayan sa'a biyu don kada gyambo ya kama bayansa, tana ɗura masa kunu ta robar hanci, tana ƙirga ranakun da ya bi ta da ido. Idan ya tashi, ya tashi da ɗingishi da mantuwa da saurin fushi, matarsa ta koyi zama da mutumin da ya dawo. Mai karatu a Runka ko Wagini da wannan jarrabawar ta same shi gobe zai san abin da yake gani.