Fatalwa da Haƙƙin Mamaci: Sharhi a kan Wasan Dwarf Fortress daga Mahangar Damagaram

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba yadda wasan kwamfuta mai suna Dwarf Fortress, wanda Tarn Adams da ɗan'uwansa Zach suka fitar a 2006, ya tsara al'amarin mutuwa. Za mu auna shi da abin da aka saba a Gafati, cikin gundumar Mirya, da sauran ƙasar Damagaram.

2. Ƙa'idar wasan

Mai wasa yana kula da wani gari na wadanni. Idan ɗaya ya mutu aka bar gawarsa a yashe, yana iya dawowa fatalwa ya addabi masu rai, har sai an sa shi cikin akwatin gawa ko an sassaƙa sunansa a dutse. Mun yaba da wannan tsari, domin ya nuna cewa mamaci yana da haƙƙi a kan gari. Inda muka ga rauni shi ne an mai da haƙƙin nan aikin kafinta da magini: da an ajiye dutse, magana ta ƙare.

3. Abin da aka saba a ƙasarmu

A nan ba akwati ke sallamar mamaci ba, jama'a ne. A yi masa wanka, a sa likkafani, a yi salla, a ɗauke shi a makara, a kwantar da shi yana fuskantar alƙibla. Idan wasu suka yi, an ɗauke wa saura. Idan kowa ya ƙi, laifin ya hau kan gari duka. Bayan haka akwai zaman makoki, da takabar wata 4 da kwana 10, da sadakar uku, bakwai da arba'in, wadda malaman Izala suke ɗauka bidi'a. Ko wannan saɓani kaɗai ya isa a gina wasa a kansa.

Sannan Bahaushe ya bambanta kurwa, wadda maye ke kamawa tun mutum yana da rai, da fatalwa, da kuma iskoki. Littafin Greenberg na 1946 a kan Maguzawan Kano da na Monfouga-Nicolas na 1972 a kan borin Maraɗi sun nuna yadda ake zama da iskoki ta hanyar girka da yanka, ba a binne su.

Ƙa'idar dawwamar da suna kuwa mun san ta ta wata hanya. Bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa sun ci garin a 1899 suka sa wa barikinsu sunansa.

4. Kammalawa

Shawararmu ga matasan da ke son ƙirƙiro irin wannan wasa da Hausa ita ce su sa sakamakon mutuwa ya rataya a kan wanda ya halarci jana'iza da wanda ya ƙaurace. In ba haka ba, za su fassara kalmomi, amma makabartar ta wasu ce.