Rigar Akatsuki da telan da ban ambata ba

Wata guda ke nan da na je taron masoya anime da wasu matasa suka shirya a nan Yamai, a farfajiyar wata makaranta mai zaman kanta. Na yi shiga, na hau dandali, na zo na biyu a gasar. Har yau ƴan fadarmu Itachi suke kirana. Da na yi shiru na ci gaba da jin daɗina, amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Tun da ƙungiyarmu ta ce kowa ya kawo sharhi a kan abin da ya gani da idonsa, to ga nawa.

Labarin ya fara ne a Babbar Kasuwa, sati uku kafin ranar. Na ƙetaro Gadar Kennedy daga Harobanda da jika 7 a aljihu, kuɗin da na tara ta hanyar tsallake abincin rana. Abin da nake so shi ne rigar ƴan Akatsuki ta cikin Naruto: baƙa, doguwa, wuyanta a tsaye ya rufe haɓa, cikinta ja, da jajayen gizagizai masu farin gefe. Na sayi baƙin yadi da ja a layin ƴan yadi, aka kwatanta mini wani dattijon tela. Na nuna masa hoton a waya. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗan lakkwal, wanga riga ta wane gari ce?" Na ce ta Japan ce, Baba, amma a zane kawai take, babu wanda ya taɓa sa ta a gari. Ya yi dariya ya ce, "To ai aikin ya yi daɗi, tun da babu mai cewa na yi kuskure."

Ku ji abin da mutumin nan ya yi. Wuyan rigar a zane yana tsaye ne don mai zane ya ga dama. A yadi kuwa faɗuwa yake. Sai ya yanko wani abu mai tauri irin wanda ake sa wa kwalar riga, ya ninka biyu, ya ɗinke a ciki. Gizagizan bai yarda a yi musu fenti ba, ya ce wanki biyu za su tsage. Ya yanke su ɗaya bayan ɗaya daga jan yadi, ya bi gefensu da farin zare da keken da yake yi wa manyan riguna aiki. Ya ƙara mini aljihu a ciki, ya ce ko ɗan Japan ne ai yana da waya. Bai taɓa kallon Naruto ko na minti ɗaya ba, amma ya warware matsalar da Masashi Kishimoto bai taɓa fuskanta ba: yadda za a sa zane ya zauna a jikin mutum cikin zafin Yamai.

Bari in faɗi alherin taron tukuna, don kar a ce hassada ce. Na ga abin da ban taɓa gani ba a garin nan: matasa maza da mata wuri guda, babu mai jin kunyar abin da yake so. Mu da muka taso ana ce mana "ƙato da kai kana kallon zanen yara" mun san darajar wannan. Na ga ƴan mata sun haɗa shigarsu da hijabi ba tare da sun rage komai daga ɗayan biyun ba. Wata ta yi Nezuko, ta sa ɗan guntun gora a baki bisa hijabinta, kowa ya gane ta nan take. Da aka saki waƙar buɗe One Piece, farfajiyar gaba ɗaya ta ɗauka, da Japananci, harshen da babu mai jin sa a cikinmu. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

Kuma masu cewa yin shigar wani baƙon abu ne a wurinmu, ban san inda suka yi yarinta ba. Wanda ya yi tashe da azumi, ya sa gemun auduga ya zama tsoho, ya riga ya yi. Yaran Zabarmawa da ke shafa jiki su zama zomo suna bin gidaje a tsakiyar azumi sun riga sun yi. A Damagaram ana wasan kara, talaka ya yi shigar gwamna ya yi tafiyarsa, gari ya yi dariya. Sunan ne kawai sabo.

To ina matsalar? Na zagaya teburan da aka jera, na ƙirga. Akwai masu sayar da fosta da aka sauke daga intanet aka buga. Akwai zobba da sarƙoƙi da ƴan gumakan roba da aka shigo da su daga Sin, irin waɗanda ake samu a kasuwa, an dai ninka kuɗinsu. Akwai gasar wasan ƙwallo a PlayStation, da kacici-kacici: wane ne ya kashe wane, a kashi na nawa. Duk wannan gwajin abu ɗaya ne, wato wa ya fi kallo. Tun safe har la'asar ana auna yawan abin da muka haɗiya, ba a tambayi kowa abin da ya yi da hannunsa ba.

Sai tebur guda a can kusa da bayan gida, inda rana ta fi bugawa. Wata ɗalibar lise ce zaune da kaye uku da ta cika da zane da bik baƙi. Ta yi fotokofin shafi 12, tana sayarwa dala arba'in. Na saya. Labarin wani yaro ne ɗan ga-ruwa, mai tura kura da bido goma, wanda ya gano cewa duk rijiyar da ya leƙa yana jin muryar waɗanda suka haƙa ta. Zan yi mata sharhi na gaskiya, don ta cancanci hakan. Fuskokin duk na aro ne: manyan idanu, siririn hanci, gashi mai tsini, har ba ka bambance ɗan ga-ruwan da Sasuke. Hannaye ba ta iya su ba tukuna, tana ɓoye su a aljihu ko bayan bido. Amma akwai shafi na bakwai, inda kurar ta ƙwace masa a gangara, ta raba shafin gida biyar masu karkata, ruwa na tsalle daga wannan gida zuwa wancan. A nan ta nuna ta fahimci abin da manga yake yi: gudu da tsayawar lokaci a kan takarda. Kuma mutanenta suna magana yadda ake yi a layin famfo, Hausa da Zabarmanci da Faransanci a cakuɗe. Na tsaya wajenta kusan rabin awa. Mutum huɗu suka tsaya. Mai riƙe da makirfo bai ambaci teburinta ko sau ɗaya ba.

Wannan ya ba ni haushi musamman saboda abin da muke cewa muna kwaikwayo ba haka yake ba. Babban taron irin wannan a Japan shi ne Comiket, a Tokyo. An fara shi a watan Disamba na 1975 da ƙungiyoyi 32 da mahalarta wajen 700. Me suka kawo? Ƴan littattafan da suka zana suka buga da kansu, kamar dai wannan da ke hannunka. Yau dubban ɗaruruwan mutane ke zuwa, sau biyu a shekara, kuma har yanzu zuciyar taron ita ce teburan masu zane, shigar kuwa ado ce a gefe. Ƙungiyar mata ta CLAMP, masu Cardcaptor Sakura, daga irin waɗannan littattafan bugun kai suka fara. Mu mun ɗauko adon, mun ajiye mai zane kusa da bayan gida.

Su kansu labaran da muke haddacewa, daga ina suka fito? Akira Toriyama, da ya fara Dragon Ball a 1984, ya ɗauko Son Goku ne daga biri mai sanda na wani tsohon labarin ƙasar Sin. Kishimoto ya ɗauko sunayen Jiraiya da Tsunade da Orochimaru daga wani tsohon labarin Japan, da kwaɗonsu da macijinsu. Sun tona rumbun kakanninsu suka yi sabon tuwo. Ba ina cewa a ɗaura wa Goku rawani a ce an yi namu ba, wannan ma aro ne. Ina cewa duk wanda ya taɓa zama gaban tele lokacin kokowar Takobi ya san muna da abin: jihohi takwas, kirari, layu, makaɗa, tsohon zakara da yaron da ya zo kayar da shi. Wace gasa ce a Dragon Ball ta fi wannan?

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne an riga an yi mana fim a kan wannan taron tun kafin a haifi iyayenmu. A 1966 Moustapha Alassane ya fitar da Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa huluna, suka ɗauki sunaye irin su Black Cooper, Zalika Souley ta zama Reine Christine, suka hau dawakai suka hana ƙauye sakat. Wasan ya ƙare da jini. Alassane ba ƙin fim ɗin kaboyi yake ba, ya ƙaunace shi har ya yi nasa. Tambayarsa ita ce me ke faruwa da wanda ya sa rigar mafarkin wani ya manta hanyar cire ta. Kuma shi ne mutumin da ya yi zane mai motsi a ƙasar nan: Bon voyage Sim, a shekarar nan ta 1966, inda shugaban jamhuriyar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki, da Samba le grand a 1977, da Kokoa, inda dabbobi ke kokowa a fage. Bakanike ne ya koya wa kansa zane, daga baya ya je Kanada wajen Norman McLaren. Ya rasu a 2015. Yanzu sunansa ne a kan tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar. Na tambayi mutum shida a taron, duk masu iya jero sunayen Hokage ba tare da numfashi ba. Ɗaya ne ya ce, "Ba sunan santar ba ne?"

Akwai kuma maganar ƙofa. Tike jika 2 ne. Na san haya da sono ba kyauta ba ne. Amma ku tuna ta ina anime ya shigo hannun yawancinmu. Kaɗan ne ke da Canal+ a gida su kalli tashar Mangas. Sauranmu a wajen yaran kasuwa muka samu, masu tsohuwar kwamfuta a kan benci da ke tura maka kashi hamsin cikin memwar da ƴan canji. Su ne suka san wace fassara ce mai kyau, su ne ke ce maka "bar wannan, ɗauki wancan." Wanda ya fara tura mini Naruto yana nan har yanzu a bencinsa. Na ce masa zai zo? Ya ce, "Da jika biyu, abokina? Ka dai ɗauko mini hoto." An yi komai da Faransanci daga farko har ƙarshe, babu ko sannu da zuwa da Hausa ko Zabarmanci. Taron da ya bar malamansa a waje, ya kamata ya sake duba kansa.

Yanzu ga nawa laifin. Da aka kira ni karɓar kyauta, mai gabatarwa ya taɓa wuyan rigar ya ce a ina na yi odarta, Dubai ko Faransa? Jama'a suka yi shiru suna jira. Na yi murmushi na ce, "Sirri ne." Aka tafa. Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da na yi. Na ji kunyar in ce Babbar Kasuwa, layin teloli. Na fi so a ɗauka daga waje ta zo. Alƙalan sun ba da maki a kan ɗinki, ni kuwa ko maɓalli ban iya sawa ba. Abin da na zargi masu taron da yi wa yarinyar nan, shi na yi wa Baba tela a gaban kowa, da makirfo a hannuna.

Don haka ga abin da nake roƙon ƙungiyarmu, tun da injin fotokofi dai mun san hanyarsa. In an sake yin taron, mu kama tebur a tsakiya, mu biya. Masu rubutu a cikinmu su nemi masu zane, kowane biyu su kawo shafi takwas, ko da hannayen sun karkace. Mu nemi masu shiryawa su sa sunan tela a takardar gasa kusa da sunan mai shiga, su ware awa guda a nuna Bon voyage Sim, minti biyar ne kacal, sauran lokacin a yi gardama a kansa. Su kuma rage kuɗin ƙofa bayan la'asar. Yarinyar ta ce kashi na biyu zai fito in ta gama jarrabawa, na karɓi alkawarin kofi goma zan kawo fada.

Shekaranjiya na koma kasuwa na kai wa Baba hoton da aka ɗauke ni a dandali. Ya riƙe wayar nesa da ido, ya ce wuyan ya ɗan karkata hagu, in kawo ya gyara. Na gaya masa abin da na ce da aka tambaye ni. Bai ɗago daga keken ba. Ya ce, "To baɗi ka faɗa musu. Kuma ka ce ina yin na mata."